Kawu ya biya kuɗin shafi, amma Google bai san da mu ba

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a nan Maraɗi, ina taya kawuna harkar aya da riɗi. Shi yake sayowa a kasuwannin ƙauye, musamman wajejen Cadawa, mu gyara mu zuba a buhu, ƴan kasuwar Najeriya su zo su ɗauka. Da na gama karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo sai na matsa masa mu buɗe shafin intanet, na ce ta nan masu saye daga Yamai da Kano har da Turai za su same mu ba sai da dillali ba. Ba da son ransa ba ya ba da jika 250, wani yaro a Yamai ya gina mana. Yau wata 7 ke nan, ko kira ɗaya bai zo ta shafin ba. In na rubuta "aya" a Google ba na ganinmu ko na kai shafi na biyar. Kawu bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai an zauna cin tuwo ya ce wa yaransa, "Ku tambayi injiniya ko Turawan nasa sun iso." Yanzu wani ya same ni ta WhatsApp, ya ce in ba shi jika 60 zai kai mu sahun farko cikin kwana 10, zai kuma sa shafuka 1,000 su riƙa nuno namu. Ina da kuɗin, amma na aure ne nake tarawa. In biya, ko in haƙura in ce wa kawu na yi masa asara?

Daga wani ɗan unguwar Zariya, Maraɗi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kuɗin aurenka su zauna inda suke. Kada ka ba mutumin nan ko dala.

Abin da Google yake fitarwa iri biyu ne. Akwai talla, wadda ake biya, kuma za ka ga an rubuta mata "Sponsorisé" in wayarka da Faransanci take. Ita wannan ranar da kuɗinka suka ƙare ranar take ɓacewa. Sauran sakamakon da ke ƙasa ba na sayarwa ba ne, kuma Google da kansa ya rubuta a jagorar da ya yi wa masu shafuka cewa babu wanda zai iya ba ka tabbacin matsayi na ɗaya. Abin da irin mutumin nan yake yi sananne ne. Bayan kwana goma zai rubuta cikakken sunan shagonku a Google, ya ga kun fito a sama, ya ɗauki hoton ya turo maka ya ce aiki ya kammala. To wa zai nemi sunan shagonku in ba wanda ya riga ya san ku ba?

Maganar shafuka 1,000 kuwa tsohuwar dabara ce da lokacinta ya wuce. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, ɗaya daga cikin ma'aunansu shi ne yawan shafukan da suke nuno wani shafi da kuma darajarsu, suna ɗaukar hakan a matsayin shaida. Da mutane suka gane sai aka buɗe kasuwar shaidar zur, ana ƙirƙiro shafukan banza don kawai a sayar da mahaɗi. A 2012 Google ya fito da wani gyara mai suna Penguin don maganin wannan. Yanzu in ka yi sa'a ya yi watsi da su kamar ba a yi ba, kuɗinka sun tafi a iska. In ba ka yi sa'a ba ya danne shafin naku ƙasa, ka koma neman wanda zai share maka ɓarnar.

Ka ce wa kawu za ku rabu da dillali, alhali Google ma dillali ne. Ba ya kai baƙo wurin wanda bai taɓa leƙa rumbunsa ba, ba ya kai mai neman riɗi wurin wanda bai faɗa masa yana da riɗi ba, kuma ya fi sakin jiki da wanda ya ji wasu suna yabo. Saboda haka tambayar farko ita ce ko ya ma taɓa leƙowa.

Ɗauki wayarka yanzu. A wurin bincike ka rubuta site: sannan adireshin shafinku manne da shi, ba tazara. In ya jero maka shafukanku, to ya san da ku, matsalar a wani wurin take. In ya ce bai samu komai ba, to wata bakwai ɗin nan ba ku ma shiga rajistarsa ba. Akwai wani ƙaramin abu da yake jawo haka fiye da yadda mutane suke zato. In da manhajar gina shafuka ta WordPress aka gina shafin, wanda shi ne mafi yawan masu gini suke amfani da shi, ka shiga wurin sarrafawa, ka danna Réglages, ka danna Lecture, ka gangara ƙasa. Akwai wani ɗan akwati da aka rubuta a gefensa a nemi injinan bincike kada su sa shafin a rajista. Masu gini sukan sa masa alama lokacin da suke aiki don kada a ga gini bai ƙare ba, sai su miƙa aiki su manta ba su cire ba. In ka tarar da alama a ciki, cire ta ka adana. Aikin minti ɗaya ne.

In kuma ka ce mini ba ka da kalmar sirrin shiga, to wannan ita ce matsalar da ta fi ta Google girma. Kira yaron nan na Yamai cikin mutunci ka karɓi abubuwa uku a hannunsa: kalmar sirrin sarrafa shafin, da ta wurin da aka yi rajistar adireshin, da ta kamfanin da yake ajiye muku shafin. Ka duba da sunan wa aka yi rajista da kuma ranar da za ta ƙare, don duk shekara ake sabuntawa, ku kuma saura muku wata biyar. Mutane da yawa sai ranar da shafi ya mutu suke gane cewa adireshin da suka buga a buhu da kati ba mallakinsu ba ne.

Daga nan ka buɗe Google Search Console. Kyauta ne, adireshin Gmail kawai yake buƙata da ɗan tabbaci cewa shafin naku ne. A ciki za ka miƙa masa taswirar shafin, wato jerin duk shafukan da kuke da su, ka kuma roƙi a zo a duba. Bayan ƴan kwanaki zai fara nuna maka abin da ba wanda zai iya gaya maka: ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har aka nuna ku, sau nawa aka nuna, sau nawa aka danna, da kuma a wane matsayi kuka tsaya. Wannan shi ne ma'auninka daga yau. Ka daina gwada kanka da wayarka, domin Google yana la'akari da inda mutum yake da harshen wayarsa, abin da kake gani a Maraɗi ba shi mai saye yake gani a Legas ba.

Yanzu ga inda nake ganin ainihin ciwon yake. Ka ce kana rubuta "aya". Wanda ya rubuta wannan kalma ita kaɗai, ayar Alƙur'ani yake nema, ko mawaƙiya Aya Nakamura, ko wani abu dabam can. Ko shekara goma ka yi ba za ka fito a nan ba, kuma in ka fito ma babu ciniki a ciki. Ka zauna ka kawo mai sayen a ranka. Matar da take da ɗan kamfanin sarrafa abinci a Yamai da Faransanci za ta rubuta, wani abu kamar "grossiste souchet Maradi" ko "prix sac souchet". Mai haɗa kunun aya da yawa a Abuja ko Legas da Ingilishi zai nema, sunan da ya sani shi ne "tiger nut", ya haɗa da kalmar sari da sunan Nijar. Mutanen Sifaniya, waɗanda a yankin Valencia suke yin wani abin sha da aya mai suna horchata, kuma suna shigo da ita daga Afirka ta Yamma, su "chufa" suke ce mata. Bahaushen Katsina ko Kano zai iya rubuta "farashin buhun aya". Kowannensu ƙofarsa dabam. Hanya mafi arha ta sanin abin da suke rubutawa ita ce ka fara rubuta kalmar a Google ka tsaya, ka ga abin da yake ƙarasa maka da kansa, sannan ka gangara ƙasan sakamako ka karanta binciken da ya ce suna da alaƙa. Waɗannan daga abin da mutane suke nema ya samo su. Kwafe su a littafi.

Zan faɗa maka wata gaskiya da ya kamata a ce wanda ya gina shafin ya faɗa tun farko. Alhazan da suke zuwa ta Jibiya da Ɗan Isa, ko waɗanda suke kai kaya Dawanau, ba za su taɓa neman kawunka a Google ba. Lambarsa tana wayarsu, amanarsa tana ransu tun kafin a haife ka. Shafin ba don su aka yi shi ba. An yi shi ne don baƙon da bai san kowa a Maraɗi ba, kuma irin waɗannan ba su da yawa. Kada ka sa rai da dubban masu ziyara. In mutum 30 suka shigo a wata, biyu suka yi magana, ɗaya ya sayi buhu 100, shafin ya biya kansa har da riba. Shi ya sa ba na so ka ruɗu da masu cewa ka cika shafi da rubutu irin "amfanin aya ga lafiya" ko "sirrin aya ga ma'aurata". Mai karanta wannan ba tirela yake son lodawa ba. Ƙari a kan haka, tun 2024 Google ya fara amsa irin waɗannan tambayoyin da kansa a saman sakamako ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, mai tambaya ya karanta ya wuce bai danna shafin kowa ba. Abin da na'ura ba za ta iya amsawa ba shi ne nawa buhu yake a shagon kawunka wannan makon, kuma buhu nawa zai iya lodawa kafin Juma'a.

Ban ga shafin naku ba, amma ina iya rantsuwa ba kaffara a kan abin da ke ciki. Shafin farko sunansa "Accueil", akwai hoton wasu Turawa suna musafaha da aka ɗauko a intanet, sai jimla biyu cewa ku ne kan gaba wajen inganci da gamsar da abokan ciniki. Babu abin da Google zai kama a nan, babu abin da mai saye zai kama. Taken shafi, wato rubutun da yake fitowa da manyan baƙaƙe a sakamakon bincike, yana cikin abubuwan farko da ake karantawa. Maimakon "Accueil" ya zama wani abu kamar "Souchet en gros à Maradi, prix du sac et livraison". Kowane kaya ya samu shafinsa: aya mai manyan ƙwaya, aya ƙanana, riɗi. Kowane harshe ma ya samu nasa, kada a cakuɗa Hausa da Faransanci da Ingilishi a shafi guda. In na'ura ce ta fassara maka, ka ba wanda ya iya harshen ya gyara kafin ka ɗora, don baƙon da zai turo miliyoyi yana karanta jimlolinka yana auna ko da mutanen kirki yake magana.

Me za a rubuta a ciki? A nan ne kawu zai shigo, kuma a nan nake ganin maganin zolayar cin tuwon. Ilmin da shafin yake buƙata ba a jami'a yake ba, yana kan kawunka. Ka same shi bayan la'asar, ka ce, "Kawu, in baƙo ya zo sayen aya, me yake fara tambaya?" Ka kunna rikoda a wayarka ka yi shiru. Zai gaya maka yadda ake gane sabuwar aya da wadda ta kwana shekara, da yadda ake gane wadda ba ta bushe sosai ba, da yadda ake rairaye ƙasa a tsince tsakuwa, da kilo nawa buhu yake yi in an gyara, da watan da kaya suke yawa bayan damina da watan da suke tsada, da abin da yake lalata aya a ajiya, da kwana nawa mota take yi zuwa Yamai ko Kano. Ka rubuta waɗannan kamar yadda ya faɗa, ka ƙara mafi ƙarancin abin da kuke sayarwa, da yadda ake biya, da lambar harajinku ta NIF da ta rajistar kasuwanci ta RCCM in kuna da su. Wannan bayanin babu shi a shafin kowa, shi ne jarinku. Dattijon da aka zauna aka tambaye shi sana'arsa kuma, da wuya ya ci gaba da kallon abin a matsayin wasan yara.

Game da farashi, na san kawu zai ce ba a tallan farashi a fili, maƙwabta za su gani. Maƙwabtan sun riga sun sani. Ra'ayina a sa, ko da tsakanin kaza da kaza ne, tare da kwanan watan da aka sa shi, a riƙa sabuntawa duk mako ko biyu. Farashin da ba shi da kwanan wata rigima yake jawowa. In ya ƙi sam, a rubuta cewa farashi yana sauyawa da kasuwa, ga maɓallin WhatsApp a tambaya. Maɓallin nan ya kasance a saman kowane shafi, inda babban yatsa zai same shi ba wahala.

Hotuna naku za ku sa. Ayar a tafin hannu don a ga girman ƙwaya, buhuna a jere a sito, ma'aikata suna loda mota, sikeli da buhu a kai. Amma hoton waya yakan kai mega 4 ko 5, in ka jera goma a shafi ɗaya, mai ƙaramin rezo zai gaji ya fita kafin na farko ya buɗe. Ka rage kowanne ya koma ƙasa da kilobait 200, idon mutum ba zai ga bambanci ba a waya. Google yanzu da fuskar waya yake auna shafi, ba ta kwamfuta ba, ya kammala komawa wannan tsarin a 2023, kuma ɗaya daga cikin ma'aunansa shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Akwai PageSpeed Insights, kyauta, ka zuba adireshinku ya gaya maka abin da yake nauyi. Ko kuma ka gwada buɗe shafin ranar da ka je kasuwar ƙauye, wannan gwajin ba ya ƙarya.

Abin da zai fi saurin kawo muku kira ma ba shafin ba ne, Google Maps ne. Ka yi wa shagon rajista a Google Business Profile, shi ma kyauta ne. Tunda yawancin titunanmu ba a san su da suna ba, ka tsaya a ƙofar shagon ka dasa alamar daidai wurin, ka sa lambar waya, da lokutan buɗewa, da hotuna, da adireshin shafin. Za su nemi tabbaci, sau da yawa ta ɗan bidiyon da yake nuna shagon da allonsa. Wanda ya haɗa sunan kaya da sunan gari a bincikensa, sau da yawa taswira ake fara nuna masa kafin shafuka. Abokan cinikinku na gaske masu wayar zamani, ka roƙe su su rubuta jimla ɗaya a kanku. Kada ka tara abokanka su rubuta yabo ashirin rana ɗaya, ana ganewa, ana kuma gogewa.

Shaidar wasu shafuka tana da amfani har yanzu, ta gaskiya ce kawai ake so. Ɗaya daga wurin da ake girmamawa ta fi dubun mutumin WhatsApp. Ka leƙa ofishin ƙungiyar manoma ta jihar Maraɗi da zauren ƴan kasuwa ka ji ko suna da jerin masu sana'a da za a sa ku. RECA, haɗakar ƙungiyoyin manoman Nijar, tana wallafa bayanai a kan amfanin gona, kuma tana cikin masu shirya baje kolin SAHEL a Yamai. In kun taɓa halartar irin wannan taro ko wata jarida ta yi hira da kawu, ka roƙi a haɗa da adireshinku. Wannan ba ya zuwa da gaggawa, kuma ba sai ka kashe kanka a kai ba.

Wata magana a gefe, tunda ka ambaci Turai. Ranar da saƙonni suka fara shigowa, ba duka ne na alheri ba. Duk wanda ya ce zai sayi kwantena biyar amma sai kun fara biyan kuɗin rajista ko na lauya, ɗan damfara ne. Mai saye na gaske tambayoyi masu wuya yake yi. Zai nemi samfur, da takardar lafiyar tsirrai, da sakamakon gwajin aflatoxin, gubar nan da ruɓa take haifarwa a kayan da ba su bushe ba, wadda Tarayyar Turai ta sa wa iyaka mai tsauri. In ba ku shirya wa wannan ba tukuna, ka mai da hankali kan Yamai da Najeriya, kada shafin ya yi alkawarin abin da sito ba zai iya cikawa ba. Sabon mutum kuma ba a loda masa kaya sai kuɗi sun shiga, wannan kawu ya fi ni sani.

Sai batun abin da za ka ce masa. Ba asara za ka ce ka yi ba, don ba a kai nan ba, kuma kada ka sake yi masa alkawarin Turawa. Ka ce masa an yi gini ba a yi aikin da zai sa a gan shi ba, yanzu za ka yi da hannunka, ba ka neman ko sisi daga gare shi sai lokacinsa na hira. Ka gaya masa wa'adi na gaskiya. Google ya ce daga fara gyara zuwa ganin amfani yakan ɗauki wata 4 zuwa shekara 1, to ka nemi wata 6 daga ranar da ka gama gyaran. Ka ajiye littafi kusa da waya, duk baƙon da ya kira ka tambaye shi, "Ranka ya daɗe, a ina ka samu lambarmu?" ka rubuta amsar da kwanan wata. Saƙon da ya shigo a amsa shi a ranar, don wanda ya same ku a Google ya samu wasu uku tare da ku.

In wa'adin ya cika, ka buɗe Search Console da littafin a gaban kawu. In adadin nunawa yana hawa wata bayan wata, ko da kira bai yi yawa ba, ku ci gaba, ka ƙara shafuka a kan kalmomin da ka ga suna kawo mutane. In kuwa komai a kwance yake, ka mai da shafin ƙarami mai arha, ka riƙe adireshin kada ya suɓuce, ka zuba ƙarfinka a taswira da WhatsApp Business. Shi kuma mai jika 60, ka ce masa ka gode, ka toshe lambar.